Abin Da Ke Sa Ma'aikacin Haƙar Ma'adinai Ya Kare Muhalli, Da Abin Da Ke Sa Ya Kau Da Kai

A watan Agustan 2025 wa'adin da manyan kamfanonin haƙar ma'adinai na duniya suka ɗibar wa kansu ya cika. Kamfanonin, waɗanda ke ƙarƙashin ƙungiyar ICMM, sun yi alkawarin cewa kafin lokacin duk madatsun da suke tara dagwalon ma'adinai (lakar da ke saura bayan an tace dutse) za su dace da ƙa'idar duniya da aka fitar a Agustan 2020, wadda ƙungiyar ta tsara tare da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar masu zuba jari ta PRI. Ƙa'idar ba doka ba ce, kuma ba kowane kamfani ta hau kansa ba. Watanni shida kafin cikar wa'adin, ranar 18 ga Fabrairu, madatsar kamfanin tagulla na Sino-Metals Leach ta ɓalle a Zambiya, ruwa mai asid ya gangara Kogin Kafue, har sai da aka tsayar da ba birnin Kitwe ruwan famfo.

Mai bin waɗannan labarai zai iya ruɗewa: dokoki sai ƙaruwa suke yi, takardun shaida sai yawa, amma ɓarna ba ta tsaya ba. Wani ɓangare na amsar yana cikin ita kanta ƙa'idar ta 2020. Tana da ginshiƙai 15 da sharuɗɗa 77, mafi yawansu aikin injiniyoyi ne, amma biyu daga cikin ginshiƙan ba ruwansu da ƙasa ko ma'aunin ruwa. Ɗaya ya nemi kamfani ya gina ɗabi'ar aiki da za ta sa a gano matsala da wuri a kuma faɗe ta. Ɗayan ya nemi a buɗe hanyar kai ƙorafi, a kuma kare wanda ya fallasa. Ke nan waɗanda suka rubuta ta sun yarda cewa abin da ke ran ma'aikaci, da abin da yake tsoro, suna cikin abubuwan da ke riƙe bangon madatsa.

Wane irin hali ake nufi

Masana halayyar ma'aikata, irin su Deniz Ones da Stephan Dilchert waɗanda suka yi fice a wannan fanni tun 2012, suna kallon duk wani abu da ma'aikaci ya yi a bakin aiki wanda ke rage ɓarnar muhalli ko ke ƙara ta. An saba raba shi gida biyu. Akwai wanda aiki ya wajabta: fesa ruwa a hanyar motoci don kwantar da ƙura, zuba baƙin mai a ma'ajiyarsa, auna ruwan da ake saki zuwa rafi. Akwai kuma na ganin dama, wanda ba ya cikin takardar ɗaukar aiki kuma ba mai hukunta mutum in ya bar shi. Olivier Boiral na Jami'ar Laval a Kanada ya kasa wannan na biyun uku: mutum ya ƙirƙiro gyara da kansa, ya shiga shirin da kamfani ya kawo da zuciya ɗaya, ko ya taimaki abokin aiki ya yi daidai.

Da yawa daga cikin binciken da ake kafa hujja da su a ofisoshi da otal-otal da masana'antu aka yi su, inda kare muhalli ke nufin kashe fitila da rage buga takarda. A mahaƙa lissafin daban yake. A yawancin manyan mahaƙun tagulla, abin da ake tsamowa daga dutse bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran, bayan an niƙa an tace, shi ne dagwalon: laka mai haɗe da ruwa da sinadarai, wadda ake tarawa a bayan madatsa shekara da shekaru. A irin wannan wuri, hali mafi tsada shi ne mutum ya ga abin da bai yi daidai ba ya buɗe baki.

A ɗauki direban babbar motar ɗibar dutse, irin wadda ke ɗaukar sama da tan 200 a sawu guda. Ƙarfe uku na dare ya sauko ya zagaya motar, sai ya haska ya ga mai yana ɗiga daga wani tiyo, ɗis, ɗis, a kan hanya. In ya kira ta rediyo, za a tsayar da motar, a jira makanike, a kawo abin tsane mai, a kwashe ƙasar da ta jiƙe, ya cike fom. Sawu biyu ko uku sun tafi, kuma da yawan tan ake auna rukuninsu. In ya yi shiru, ƙura za ta rufe tabon kafin gari ya waye, masu karɓar aikin safe su gaji matsalar. Ba kyamara, ba shugaba a kusa. Duk nazarce-nazarcen da za a ambata a ƙasa ƙoƙari ne na fahimtar abin da ke faruwa a ran wannan mutum cikin wannan minti ɗaya.

Abin da mutum ya zo da shi daga gida

Wani tsohon bayani ya fara ne daga lamiri. Shalom Schwartz a 1977, sannan Paul Stern da abokan aikinsa wajen 1999 zuwa 2000, sun nuna cewa mutum yakan ji wajibcin yin abu ne idan sharuɗɗa biyu suka haɗu: ya san illar da za ta biyo baya, kuma ya ɗauka cewa alhakin yana wuyansa. Tarbiyya da addini da ƙaunar ƙasar haihuwa duk suna shiga ta wannan ƙofa.

Sai dai aikin haƙar ma'adinai yana raunana sharuɗɗan biyu a lokaci guda. Illar takan yi nisa, a wuri da kuma a lokaci. Dutsen da ke ɗauke da sinadarin sulfa, idan aka tono shi ya haɗu da iska da ruwa, yakan riƙa fitar da ruwa mai asid na tsawon gomman shekaru, wani lokaci ƙarnuka, bayan an rufe mahaƙar kowa ya watse. Wanda ya zubar da dutsen a inda bai dace ba, ba zai taɓa ganin kifin da ya mutu ba. Alhakin kuma yakan tarwatse. Da zarar kamfani ya buɗe sashen kula da muhalli mai ma'aikata da motoci da kakinsa, sauran ma'aikata sukan ji an sauke musu nauyi: ai akwai masu wannan aikin.

Inda ma'aikaci yake zaune ma yana da tasiri a wannan lissafi. A Ostareliya da Kanada akwai mahaƙu masu nisa da ake kai ma'aikata da jirgin sama, su yi mako ɗaya ko biyu, a mayar da su birni. Wanda iyalinsa ke shan ruwan rafin da ke ƙasan mahaƙa ba sai an yi masa lacca kan illa ba. Wanda gidansa ke nesa da kilomita dubu, dole illar ta iso masa ta hanyar horo da bayani, in ma za ta iso.

Akwai kuma yadda zuciya ke kare kanta. Ma'aikacin ma'adinai ya san yadda duniya ke kallon sana'arsa, kuma ba wanda ke son ya kwana ya tashi yana ganin kansa maɓarnaci. Albert Bandura ya yi bayanin dabarun da mutanen kirki ke bi su kwantar da lamirinsu: a sauya wa abu suna ya yi laushi, a kwatanta shi da wanda ya fi shi muni, a jingina shi ga umarnin na sama. Malalar sinadari sai ta koma "ɗan yoyo". Lita hamsin ta mai sai a ce mece ce ita a gaban ramin da ya cinye dutse guda. Wannan ba mugunta ba ce, hanya ce ta samun barci, kuma shi ya sa wa'azin muhalli mai ɗauke da zargi yakan sa ma'aikata su ƙara toshe kunne.

Idon abokan aiki da fuskar shugaba

Nazarin da aka fi amfani da shi a wannan fanni shi ne na Icek Ajzen na 1991. Ya ce niyyar mutum tana tsayuwa kan abu uku: yadda yake kallon aikin, abin da yake zaton mutanen da yake ganin girmansu suna so, da kuma ko yana jin abin yana cikin ikonsa. Na ukun yana da sauƙin fahimta, don direban da ba a ajiye masa kayan tsane mai a mota ba, ko wanda bai san lambar da zai kira ba, kyakkyawar niyyarsa ba za ta tsinana komai ba. Na biyun ne ya fi nauyi a mahaƙa.

Robert Cialdini da abokan bincikensa sun bambance a 1990 tsakanin abin da aka ce a yi da abin da mutum ya ga ana yi. Idan biyun suka saɓa, mutane sukan bi abin da idonsu ya gani. Rukunin ma'aikatan rami kuwa ba kamar na ofis ba ne. Mutane ne da ran kowannensu ke hannun ɗan'uwansa, suna aikin awa goma sha biyu tare, sau da yawa a sansani ɗaya suke kwana. Sabon ɗauka yana iya haddace duk abin da aka koya masa a ɗakin horo, amma karatun gaskiya yana farawa ne ranar da ya ga tsohon hannu ya juye ragowar mai a bayan juji ba wanda ya ce uffan. Wannan haɗin kai, wanda shi ke ceton rayuka a ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma ke mayar da kai rahoto tamkar cin amanar 'yan'uwa.

Sai shugaban da ke tsaye a kansu. Catherine Ramus da Ulrich Steger sun binciki ma'aikatan wasu kamfanonin Turai a 2000, suka gano cewa goyon bayan shugaba na kusa yana da babban tasiri wajen sa ma'aikaci ya kawo shawarar gyaran muhalli, kuma ko a kamfanonin da ke da kyakkyawar manufa a rubuce, shugabanni ba su cika ba harkar muhalli goyon bayan da suke ba sauran ayyuka ba. Ma'aikaci ba ya karanta rahoton shekara na kamfani. Fuskar ogansa yake karantawa. Idan ya kira ya ce ya tsayar da mota saboda yoyon mai, tambayar farko da ta fito daga rediyo ita ce manufar kamfanin a wurinsa: "Ya kai ina, ka tare shi?" ko kuwa "Yaushe za ka tashi?"

Kuɗin ƙwazo, da inda yake ɓata lissafi

Edward Deci da Richard Ryan sun bambance aikin da mutum ke yi don ya yarda da shi da wanda yake yi don lada ko tsoro. Na farko yana ɗorewa ko ba mai gani. Na biyu yana tsayawa inda ido ya tsaya. Tun da yawancin aikin mahaƙa a inda ba mai gani ake yin sa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Kamfanoni da yawa suna biyan kuɗin ƙwazo bisa yawan tan. Da aka ga wannan yana sa a yi wa muhalli riƙon sakainar kashi, sai wasu suka ƙara sharaɗi: rukunin da ya yi wata bai sami malala ko haɗari ba zai sami ƙari. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, hanya mafi sauƙi ta samun wata mai tsabta ita ce kada a rubuta komai, kuma wanda ya kai rahoto ya zama shi ya hana abokansa kuɗi. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi a 2012 kan irin wannan tsari a fannin raunuka, cewa yana iya hana ma'aikata faɗin abin da ya same su. Darasin ya shafi muhalli kai tsaye. Maganin da ake bayarwa shi ne a saka wa mutum don ya gano matsala ya faɗa, ba don takarda ta fito fara ba. Ƙa'idar 2020 ta taɓo wannan daga sama: ta nemi a ɗaura wani ɓangare na ladan masu alhakin madatsa a kan lafiyar madatsar da ta jama'a, a kuma naɗa babban jami'i ɗaya ko fiye da zai amsa tambaya a gaban shugaban kamfani.

Shiru

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta taɓa binciken kuskuren ba da magani a asibitoci, ta tarar da abin da ba ta zata ba: rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi yawan kuskure a rubuce. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi faɗa ne. Daga nan, a 1999, ta fito da bayanin abin da ke sa ma'aikaci ya ji cewa in ya yi tambaya ko ya tona matsala ba za a wulaƙanta shi ko a sa masa ido ba. Diane Vaughan kuma, da ta nazarci fashewar kumbon Challenger na 1986, ta nuna yadda ƙaramar saɓa ƙa'ida, in aka yi ta ba abin da ya faru, takan zama sabon daidai, har a wayi gari alamar haɗari ta zama abin da aka saba gani.

A madatsar dagwalo akan binne na'urori masu auna matsin ruwa a cikin bango. Ma'aikacin da ke zagayawa yana karanta su zai iya ganin lamba ta ɗan haura. Bara ma ta haura, ba abin da ya faru. Injiniyan waje ya sa hannu watanni kaɗan da suka wuce. In ya matsa, ana iya tsayar da injin niƙa, wanda tsayuwarsa ta kwana ɗaya asara ce mai yawa, kuma in bango bai faɗi ba shi ne mai ƙararrawar banza. Duk abin da ke kewaye da shi yana ce masa ya rubuta lambar ya wuce.

Ranar 25 ga Janairun 2019 madatsar kamfanin Vale ta rushe a Brumadinho da ke Burazil, mutum 270 suka mutu. Mafi yawansu ma'aikatan kamfanin ne da na 'yan kwangilarsa, da dama suna cin abincin rana a ɗakin cin abinci da ke ƙasan madatsar. Kamfanin bincike na Jamus, TÜV SÜD, ya ba madatsar shaidar lafiya a Satumban 2018. Kwamitin bincike mai zaman kansa da shi Vale ya kafa ya bayyana a 2020 cewa an daɗe da samun bayanan da ke nuna raunin madatsar. Wannan kuwa ya zo ne shekara uku da 'yan watanni bayan rushewar madatsar Fundão a Mariana, a jiha ɗaya, wadda ta kashe mutum 19 ta kuma gurɓata Kogin Doce har zuwa teku. Bayani bai yi ƙaranci ba a Brumadinho. Abin da ya gagara shi ne bayanin ya zama umarnin a kwashe mutane.

Inda masana suka rabu

Ɓangare na farko, wanda ya fi ƙarfi a makarantun koyon gudanarwa, yana ganin a fara daga mutum: a duba halin mai neman aiki, a horar, a sa muhalli cikin ma'aunin ƙarin girma, shugabanni su zama abin koyi. Hujjarsu ita ce ba dokar da za ta hango kowane yoyo, kuma ba sufeton gwamnati da zai kwana a mahaƙa.

Ɓangare na biyu yana ganin wannan magana tana iya zama hanyar sauke laifi a kan ƙaramin ma'aikaci. Manyan bala'o'i, in ji su, daga teburin zane da na kasafin kuɗi suke farawa. Kwamitin da ya binciki rushewar madatsar Mount Polley a Kanada a 2014 ya ɗora laifin a kan zane, wanda bai yi la'akari da wani rukunin ƙasa mai rauni da ke ƙarƙashin bangon ba. Ba direban da lamirinsa zai gyara wannan. Madatsun Mariana da Brumadinho duk an gina su ne da salo mafi araha, inda ake ɗora sabon bango a kan tsohon dagwalo. Chile ta haramta salon tun 1970, bayan girgizar ƙasa ta 1965 ta rusa madatsar El Cobre, Burazil kuwa sai a 2019. A ganin wannan ɓangare, haramci ɗaya irin wannan ya fi taron wayar da kai dubu.

Ƙungiyoyin ƙwadago suna tsaye a wani wuri na uku. Ba sa musun cewa tsoro ne ke rufe baki, amma suna cewa ba a maganin tsoro da kyakkyawar mu'amala kaɗai, sai da haƙƙin da doka ta tsare. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ba mahaƙi ikon kai rahoton haɗari ga kamfani da hukuma, da ikon janye jikinsa daga wurin da ke barazana ga ransa. Sai dai lafiyar ma'aikaci ce yarjejeniyar ta shafa, ba muhalli ba. Wanda ya ga ana sakin gurɓataccen ruwa zuwa rafi, alhali shi ba abin da zai same shi, kariyarsa ta dogara ne da dokar ƙasar da yake aiki.

Akwai kuma rauni a hujjojin ɓangare na farko da ya kamata mai karatu ya sani. Galibin binciken takardar tambayoyi ce ake raba wa ma'aikata su faɗi halinsu da bakinsu, a lokaci guda. Christine Kormos da Robert Gifford sun tattara nazarce-nazarce a 2014 suka nuna cewa dacewar abin da mutane ke faɗa game da halinsu na muhalli da abin da aka auna suna yi matsakaiciya ce kawai. Balle a ce takardar ta biyo ta hannun kamfani. Abin da hujjojin suka fi ƙarfafawa shi ne matsaya ta tsakiya: halin ma'aikaci ba ya maye gurbin zane mai kyau da hukuma mai haƙori, amma shi ke sa a ji labarin matsala tun tana ƙarama. Kuma mafi yawan abubuwan da ke juya wannan hali, wato shugaba, tsarin lada, kayan aiki da makomar mai faɗin gaskiya, kamfani ne ke riƙe da su, ba ma'aikaci ba.

Abin da wannan ke nufi ga talaka

Buƙatar tagulla da litiyom da kobalt tana ƙaruwa saboda batura da motocin lantarki da layukan wuta, don haka sababbin mahaƙu za su ci gaba da buɗewa kusa da gonaki da rafuka. Ga ma'aikaci, sauyin da ake gani shi ne muhalli yana shiga ma'aunin aikinsa kamar yadda kiyaye haɗari ya shiga. Wannan yana iya zama kariya, yana kuma iya zama ƙarin fom da ƙarin hanyar kama shi da laifi, gwargwadon yadda aka tsara.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne ma'aikacin ɗan kwangila. A mahaƙu da yawa su ne kaso mai tsoka na masu aiki, horonsu ya fi gajarta, kuma ba sai an kore su ba, ƙin sabunta kwangila ya isa. Duk tsarin kai ƙorafi da bai kai gare su ba ya bar mutanen da suka fi kusa da tiyo da famfo da bangon madatsa a waje.

Ga mazauna ƙasan mahaƙa kuwa, ma'aikacin da ke ciki shi ne ƙararrawarsu ta farko, don shi zai ga tsagewa kafin kowane sufeto. Wannan yana sauya yadda ya kamata a karanta alƙaluman da kamfani ke kawowa taron gari. Mahaƙar da ta ce ta shekara ba ta sami ko ƙaramar malala ba, ko dai ta yi abin da ba a saba gani ba, ko kuma ma'aikatanta sun daina rubutawa. Wadda adadin ƙananan rahotanninta ya ƙaru bayan ta sauya tsarin lada, mai yiwuwa lafiya ce ta samu. Tambayoyin da za su bambance su ba sa buƙatar ilimin injiniya: rahoto nawa ya fito daga ma'aikata da kansu, nawa daga ciki aka gyara kuma cikin kwana nawa, ko na 'yan kwangila suna ciki, kuma mutum na ƙarshe da ya sa aka tsayar da aiki saboda ruwa ko ƙura, yana nan a bakin aikinsa ko ya tafi.